Agogon Inna Ba Ya Aiki Ranar Juma'a

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko da wasa, ko da kuskure. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu, can wani ɗan ƙauye bayan Babban Duhu, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ɗakinta ke kallon na Inna a tsakar gida ɗaya. Gwaggo ta goya ni, ta yi min wanka, ta zane ni in na yi laifi. Sai da na kai shekara bakwai wani ɗan uwana ya faɗa min a wurin kiwo cewa doguwar matar nan da ke kawar da kai in na shigo, ita ta haife ni. Na ce ƙarya yake, muka yi kokawa, ya kayar da ni.

Na girma, na yi karatu, na zama malamin lissafi a wata sakandare a Batsari, na yi aure na haifi huɗu, furfura ta fara leƙo min a gemu, amma a wurin Inna har yanzu ni "mai babur ɗin nan" ne. In na yi sallama na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa wa bango. In ta dama fura ba za ta miƙo min ba. Za ta ajiye ƙwaryar a inuwar rumbu, ta rufe da faifai, ta ce wa Gwaggo ga abu can in akwai mai so. Ƙannena kuwa sai abin da suka ga dama, musamman autarmu, wadda ke aikin nas a Katsina. Da 'ya'yanta biyu, amma in ta zo sai ta baje a jikin Inna a yi mata tsifa ana kiran sunanta har da lanƙwasa murya. Ni ina gefe ina shan furar da ba a ce tawa ba ce. Na san al'ada ce. Na sha yi wa abokan aikina 'yan birni bayani, har da ɗaga yatsa, cewa wannan fulako ne, wato kunya da kara, ba ƙiyayya ba. Amma in faɗi gaskiya abin yana yi min ciwo, kuma ina kishin autar nan kishi na sosai.

Duk da haka ban taɓa fashin Juma'a ba. Ana tashi makaranta in yi masallaci a Batsari, in ci abinci a tsaye, in buga babur wajen ƙarfe biyu da rabi, in isa gida da la'asar, in kwana, in juyo Asabar. Hanyar nan kowa ya san halin da take ciki a shekarun nan. Ba a bin ta sai da addu'a, kuma ba a bari yamma ta yi. Babur ɗina tsoho ne, salansarsa ta fashe tun tuni, tana wani tari irin na tsohon da ya sha taba, har ɗalibaina suna sanin na taho tun ban karyo kwana ba.

Wata damina jiri ya ɗebi Inna a wurin tatsa, ta zube da ƙwaryar nono a hannu. Aka kai ta asibiti a Safana, aka ce hawan jini ne, aka ba ta magani, aka kuma ce a sa ido a kan bugun zuciyarta. Sati bai zagayo ba sai ga auta da wani ɗan agogo baƙi mai madaurin roba. Ta ce yana ƙirga bugun zuciya, yana ƙirga taku, yana sanin lokacin da mutum ya yi barci da lokacin da ya farka, kuma yana adana komai a cikinsa har sai an kawo wayar da aka haɗa shi da ita kusa, sai ya juye mata labarin, ba igiya ba komai. Ta ja kunnena cewa ba likita ba ne, ba kuma zai hana a je a gwada jini ba, ɗan rahoto ne kawai. Tunda garinmu ba sabis sai an hau tudun bayan masallaci an ɗaga waya sama, kuma ni ne mai zuwa duk sati, sai ta haɗa shi da wayata. Aikina in kwashi labarin ranar Juma'a, in yi masa caji Asabar da safe, in na koma Batsari in tura mata hoton abin da ya nuna.

Inna ta juya shi ta ga wani koren haske yana ƙiftawa a bayansa, ta ce ita ba za ta ɗaura abin da ke da ido a ciki ba. Ta tambaya ko ruwan alwala na shiga ƙarƙashinsa. Ta tambaya ko yana jin magana. Auta ta yi rantsuwa, ta yi shagwaɓa, ta yi barazanar kuka, daga ƙarshe ta kama hannun ta ɗaura. Da ni na kawo shi, wallahi da yanzu yana wuyan akuya.

Juma'ar da ta biyo baya na zauna a inuwar rumbu da furata, na buɗe manhajar agogon a wayata, sai na ga wata 'yar da'ira tana juyawa, sai ga satin Inna gaba ɗaya ya zubo min a tafin hannu. Kai, ranar na ji abin da ban taɓa ji ba. Matar da ban taɓa sanin ko kanta na ciwo ba sai Gwaggo ta faɗa, ga shi na san ƙarfe nawa take tashi da asuba, na san tana ɗan rintsawa bayan azahar ran Litinin amma ba ta yi ran Laraba ba. Na ga ran Talata ta yi taku fiye da dubu ashirin. Na zabura na tambayi Gwaggo ina tsohuwar nan ta je da hawan jininta. Gwaggo ta ce ko ƙofar gida ba ta taka ba, gero ta surfa. Ashe duk saukar taɓarya agogon yana rubuta taku ne. Wato a lissafinsa Inna ta kusa isa Safana a ƙafa, alhali ba ta bar gindin turmi ba. Na yi dariya har fura ta sarƙe ni.

Akwai kuma rigimar da suka yi ita da shi. In mutum ya daɗe a zaune sai agogon ya yi ɗan kaɗawa a hannu, wai a tashi a motsa jiki. Ya yi mata haka tana tsakiyar jan carbi. Gwaggo ta ce Inna ta dube shi sheƙeƙe ta ce ko marigayi, da ya biya sadakinta da saniya, bai taɓa ce mata tashi tana lazimi ba, balle wani ɗan roba. Ran Asabar da safe kuwa sai ta kwance shi ta ɗora a kan turmi, ta ce wa Gwaggo a faɗa wa mai babur abin nan nasa yana jin yunwa. Ni kuma in ɗauka da hannu biyu in jona shi da ɗan batirin aljihuna. Robar takan zo da ɗumin hannunta, kuma nakan riƙe ta ɗan lokaci kafin in jona.

Na haukace a kan agogon nan, ba na musu. Na sayi littafin rubutu sabo na ja layuka da rula, kowane sati da shafinsa, har lokacin tashina daga Batsari da na isata gida nake rubutawa, don malamin lissafi ba ya ganin fili a takarda ya ƙyale. A ɗakin malamai ba wanda ban tare da wayata ba. Malamin Arabiyya ya fara sauya hanya in ya hango ni. Har a aji na zana wa 'yan aji uku takun wata tsohuwa a allo na ce su fitar da matsakaici, suka ce wannan tsohuwa sai dai in soja ce. Matata ta ce tun da muka yi aure ba ta ga na kalli wani abu da irin wannan idon ba, har ita.

A sati na shida na lura da abin. Manhajar tana nuna sanduna bakwai a jere, kowace rana da tata, tsawon sanda shi ne inda bugun zuciya ya kai a ranar. Shida gajeru ne, koraye. Ɗaya doguwa ce, ja. Na koma satin baya, haka. Na baya gare shi, haka. Duk sati jar sandar nan tana tsaye a kan Juma'a.

Na tura wa auta. Ta kira ni nan take ta ce ruwa ba ya tsami banza, in bincika me Inna ke yi ranar Juma'a. Ko tana cin wani abu mai gishiri, ko tana zuwa unguwa mai nisa, ko tana mance magani. Na bi Gwaggo da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya har ta ce ko na koma aikin ɗan sanda ne. Ba gishiri, ba unguwa, magani kuma a gabanta ake sha. Na faɗa wa auta. Sai ta yi dariya a waya ta ce, "To Yaya, ban da kai me ke zuwa gidan nan ranar Juma'a?"

Ita wasa take yi, har ta wuce zuwa wata magana. Ni kuwa maganar ta zauna min a ƙirji daram. Satin nan ban koyar da abin kirki ba. Na riƙa tuno bangon da ake amsa wa gaisuwata, da ranar da na kawo takardar gama makaranta ta tashi ta shiga ɗaki, da ranar ɗaurin aurena da aka ce ta tafi ɗebo itace. Na ce to, ashe abin da nake kare wa a gaban 'yan birni ba fulako ba ne. Ganina ne ke tayar mata da hankali, kuma shekara da shekaru tana haɗiyewa, sai yanzu roba ta faɗa. Na yanke wa kaina hukunci: in har ni ne ciwon Inna, zan daina zuwa, sai dai Salla-Salla in gaishe ta daga zaure. Ina faɗar haka a raina ina jin kamar an ce in yanke hannuna.

Amma ni malamin lissafi ne, ba na yanke hukunci sai da hujja. In kana zargin abu, cire shi ka ga abin da zai saura. Na ce Juma'a mai zuwa ba zan je ba. In sandar ta fito koriya, magana ta ƙare. Matata ta ce to in aika da saƙo ta hannun masu zuwa cin kasuwa, a san ba na tafe. Na ce a'a, in suka sani gwajin ya lalace, dole komai ya zauna yadda yake ban da ni. Ta dube ni ta ce, "Malam, ƙaramin sani ƙuƙumi ne." Na ce mata ita dai ta tsaya a kan tukunyarta, kimiyya ba fanninta ba ne. Har yau in muka yi saɓani sai ta tuna min wannan maganar.

Juma'ar nan na dawo daga masallaci na zauna a ƙofar gida kamar baƙo. Na wanke babur. Na sake wanke shi. Na gyara kejin kaji da ba abin da ya same shi. Yarana suna ta leƙena, don ba su taɓa ganin ubansu a gida da la'asar ɗin Juma'a ba. Gari na wayewa na buga babur, ban ko karya ba.

Na isa da hantsi. A bakin hanyar shiga garinmu akwai wata tsamiya, daga ita zuwa ƙofar gidanmu tafiya ce 'yar kaɗan. Na wuce ta na shiga gida na yi sallama. Gwaggo, wadda takan ja gaisuwa ta tambayi matata da yara ɗaya-ɗaya da makaranta da hanya da gajiya, ranar ko lafiya ba ta ce ba. Faifan da ke hannunta ta wurgo min, ya same ni a kafaɗa. Inna tana zaune ta ba ƙofa baya tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango kamar kullum, sai dai muryar ta dishe. A inuwar rumbu na ga ƙwaryar fura a rufe. Na ɗaga faifan, ta yi tsami har ta tsinke, ta jiya ce.

Na zauna na buɗe waya. Da'irar ta juya, sandunan suka fito. Sandar Juma'a ja ce, kuma ta fi duk na baya tsawo. Takun ranar ya wuce na ranar surfe. Barci kuwa kusan babu. Na faɗa a fili, ni kaɗai, cewa wannan bai yi daidai ba, ai ban zo ba, me ya sa abin ya ƙaru.

Gwaggo ta tako ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. Ba ta san alif ba a boko, ba ta taɓa riƙe irin wayata ba. Ta ce, "Kai ɗan nan, abin nan ba agogo kuka ce ba? Agogon da bai san lokaci ba mi ne amfaninsa? Tambaye shi da wane lokaci abin ke farawa."

Sati bakwai ina kallon sandunan nan, na zana su a littafi, na zana su a allo, ban taɓa danna ɗaya ba. Na danna. Sai ta buɗe ta zama layi mai tafiya daga safe zuwa dare, awa-awa. Layin yana kwance lafiya lau tun asuba, har azahar. Ƙarfe biyu da rabi sai ya fara hawa. Jiya bai sauko ba har bayan magariba, kuma ko da ya sauko bai kwanta ba.

Na koma Juma'ar da ta wuce. Biyu da rabi ya hau, ya tsaya a sama awa ɗaya da rabi, ya yi wani ɗan tsini, sai ya gangaro wajen ƙarfe huɗu ya kwanta luf. Ta baya gare ta, haka. Na jawo littafina daga jaka ina buɗe shafuka har ina yaga su. Biyu da rabi lokacin tashina ne daga Batsari. Ƙarfe huɗu lokacin sallamata ne. Akwai Juma'ar da tayata ta yi faci a hanya na makara da awa guda, na rubuta a littafin da hannuna. Na nemo ta a waya. Ranar layin bai sauko ba sai ƙarfe biyar. Na duba barci kuma, sai na ga a duk sati ba daren da take yin barci mai tsawo kamar daren da nake kwana a gidan.

Gwaggo ta ga bakina a buɗe, sai ta ƙarasa min abin da agogon bai sani ba, ƙasa-ƙasa, tana hararata. Ta ce duk Juma'a in an yi azahar Inna takan ce za ta je duba awaki. Awakin suna bayan gida, ita kuwa gaba take yi, wurin tsamiya. Ta tsaya, ta dawo ta taɓa wani abu a tsakar gida, ta sake komawa. Babura goma za su wuce ba ta motsa ba, amma da ta jiyo tarin salansata daga nesa sai ta kwaso da sauri, ta zauna ta ba ƙofa baya ta jawo wake ko auduga. Ɗan tsinin nan da nake gani kafin layin ya sauko, gudun tsohuwa ne. Jiya kuwa, in ji Gwaggo, tsakanin gida da tsamiya ta yi sawu ya fi a ƙirga, wai akuya ce ta ɓata. Gwaggo ta ƙirga awakin sau biyu, cif suke. Duk mai babur da ya wuce sai Inna ta tsayar da shi ta tambaye shi ko hanya lafiya, ba ta ce wa take tambaya ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Dariya ta ƙwace min, hawaye na zuba, ina riƙe da waya sama ina zagaya turmi. Mutum mai shekara arba'in da biyar, malamin da ɗalibai ke tsoro, ina tsalle a tsakar gida kaji suna watsewa. Na rungumi Gwaggo na ɗaga ta sama tana dukana tana cewa in sauke ta, mahaukaci. Daɗi nake ji irin wanda ban san ana jinsa ba. Na ce ina ma auta tana nan in nuna mata, ita da tsifarta, a nuna min ranar da aka taɓa zuwa tsamiya dominta.

A cikin wannan rawar kan ne na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko, wato ƙin zuwan da na yi. Na je na durƙusa a gaban Inna, ba a bayanta ba yadda na saba, na kai mata wayar har kusa da hanci. Na ce, "Inna, ga shi nan, agogo ya faɗa. Biyu da rabi, Inna. Ni kike jira."

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Ta ajiye tiren waken a hankali. Ta sa yatsa ta ɓalle madaurin agogon, ta jefa shi cikin wata ƙwarya da ke gefenta, ta kife. Ba ni ta kalla ba, Gwaggo ta kalla. Ta ce, "A ce da mai babur ya ɗauke munafukin nan nasa. Ni ban saba zama da ɗan gulma ba." Ta miƙe, har ta kai ƙofar ɗaki sai ta ƙara da cewa, ita akuyarta take nema. Ta saki labule.

Gwaggo ta zaunar da ni ta wanke ni tas. Ta ce abin da mace ta rufe shekara arba'in da biyar, na zo na kwance mata zani a kasuwa saboda na iya danna waya. Ta ce kuma kada in manta ni ne na bar mai hawan jini tana safa da marwa a rana, tana tunanin an tare ni a hanya, don ina gwaji. Ta tambaye ni in da ta faɗi a gindin tsamiyar nan, a wane shafi zan rubuta. Na je ƙofar ɗakin na durƙusa a waje na ba labule haƙuri, na daɗe ina bayarwa. Ba a amsa ba. Amma kafin in tafi an dama sabuwar fura an ajiye a inuwar rumbu, kuma nonon ya fi na kullum yawa.

Sati biyu agogon yana cikin ƙwarya. Da auta ta ji labari sai da ta kusa fasa min kunne a waya. Ta ce ta ba ni aikin jinya na mayar da shi aikin jarida, yanzu me za ta nuna wa likita. Ta ɗauki hutu ta zo da kanta, suka shige ɗaki ita da Inna tun hantsi har azahar, ni ina waje an hana ni ko tari. Da ta fito sai ta ce an daidaita. Inna za ta ci gaba da ɗaurawa, amma da sharaɗi biyu: mai babur ba zai ƙara karanta mata abin da ke ciki ba, kuma ba wanda zai tambaye ta in ta cire don alwala ta manta ba ta mayar ba.

Mantuwar nan kuwa tana da ranarta. Daga Asabar zuwa Alhamis agogon ba ya barin hannunta, alwala biyar a rana ba ta taɓa mance shi ba. Ranar Juma'a in ta cire don alwalar azahar sai ya shige cikin langa a rufe, ba ya fitowa sai bayan na sha fura. Auta ta yi mita ta ce awannin da aka fi buƙata su ne ake ɓoyewa. Na ce ta bar min wannan, tunda na san maganinsu. Yanzu ba na tsayawa hira a bakin masallaci, biyu da rabi ta same ni a kan hanya. In wani uzuri zai hana ni zuwa, tun ran Laraba saƙo ya isa ta bakin mutum biyu. Bakaniken da ke duba min babur a Batsari ya gaji da roƙona in bari ya sauya salansar nan, har ya ce zai sa min kyauta don mutuncin aikinsa. Na ce ya taɓa ko'ina ban da nan.

Har yanzu ina kwasar labarin duk sati ina tura wa auta, kuma likita ya ce da sauƙi. In na danna Juma'a layin yakan taho lafiya tun asuba, ya zo azahar ya yanke, sai fili fari har bayan la'asar. Na daina zana sanduna a littafi. Filin nan nake buɗewa in ina ɗakin malamai in zauna ina kallo ina murmushi, har malamin Arabiyya ya leƙo wata rana ya ce ai ba komai a wurin. Na ce masa e, ba komai.

In na doso garinmu kuma, tun daga nesa nake rage wuta in murɗa babur ya yi tarinsa sau biyu, yadda za a ji. Sai in tsaya kafin kwanar tsamiya, in sauka in gyara igiyar kaya da ba ta kwance ba, in ƙirga ɗari biyu a hankali, don kada tsohuwa ta yi gudu. Sannan in shiga in yi sallama. Nakan same ta zaune ta ba ƙofa baya, tiren wake a cinya, ƙurar hanya a ƙafafunta. In durƙusa in gaishe ta, ta amsa wa bango.